Rubutu Ba Shi Da Murya, To Me Ya Sa Yake Ƙona Rai?

Tambaya: Malam, mako uku da suka wuce yayana ya rubuta mini saƙo a zauren WhatsApp na gidanmu, a kan wani kuɗi da na yi jinkirin aikawa. Ƙarshen saƙon ya ce: "Ka ba ni kunya. Ka kyauta." Wajen ƙarfe 11 na dare na gani. Nan take gabana ya faɗi, tafin hannuna ya jiƙe, ban runtsa ba har asuba. Har yau zan iya kawo maka saƙon da ka, alhali na yabo da aka sha aiko mini ba na tuna ko ɗaya. A wurin aiki oga ya sha rubuta mini abin da ya fi wannan da Turanci, bai taɓa hana ni cin tuwo ba. Rubutu ne fa kawai, ba mari ba, ba tsawa ba. Ta ina yake bi ya shiga jiki? Ko dai raunin zuciya ke gare ni?

Amsa: Ɗan'uwa, sannu. Bari in fara da ƙarshen tambayarka, don na ga nan ne ya fi yi maka ciwo: wannan ba raunin zuciya ba ne. Faɗuwar gaba da gumin hannu da rashin barci, haka lafiyayyar ƙwaƙwalwa ke yi idan maganar da ta taɓa mutunci ta fito daga wanda ake ganin girmansa. Na daɗe ina karantar da ɗalibai yadda ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ke aiki, kuma ba kasafai shekara ke wucewa ba tare da wani ya tsaya bayan darasi ya yi mini irin wannan tambaya a asirce ba, yana jin nauyin a san rubutu ya kayar da shi. Abin yana damuna, domin mutum ya sha ciwo biyu ke nan, na maganar da na zargin kansa.

Karatu baƙo ne a ƙwaƙwalwar ɗan Adam. Rubutu bai wuce shekara 5,000 da 'yan kai a duniya ba. Jariri yana zuwa a shirye ya koyi magana, amma ba a haifi kowa da wurin karatu ba. Idan yaro ya zauna koyon baƙi, ko a makarantar allo ko a ta boko, aro ƙwaƙwalwarsa take yi: takan ɗauki wani ɗan yanki a ƙasanta ta hagu, can wajen bayan kunne, wanda asalin aikinsa gane siffar abubuwa ne, ta horar da shi gane haruffa. Tun 1892 wani likitan Faransa, Jules Déjerine, ya ba da labarin wani ɗan kasuwa a Paris da jini ya toshe masa a wannan nahiya. Mutumin yana gani, yana magana, har yana rubutu, amma ko abin da ya rubuta da hannunsa ba ya iya karantawa. A 2010 Stanislas Dehaene da abokan aikinsa suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar manya 63 a Birazil da Fotugal, wasu ba su taɓa koyon karatu ba, wasu sun koya da girmansu, wasu tun ƙuruciya. Gwargwadon ƙwarewar mutum a karatu, gwargwadon yadda wurin nan ke amsa rubutu, har ga waɗanda sai da suka girma suka shiga aji.

Da zarar wurin ya ƙware, ba ya neman izininka. Tsaya a bakin titi, ka kalli rubutun bayan babbar mota, ka ce ba za ka karanta ba, ka ga ko zai yiwu. A 1935 wani Ba'amurke, John Ridley Stroop, ya nuna haka da ɗan gwaji mai sauƙi: a rubuta kalmar "ja" da koriyar tawada, a ce ka faɗi launin tawadar. Sai ka ji bakinka ya sarƙe, don ka riga ka karanta kafin ka tuna abin da aka ce ka yi. Saboda haka a daren nan, lokacin da idonka ya sauka kan wayar, ba ka da zaɓin ƙin fahimta.

Masu bincike sukan raba sakan ɗaya gida 1,000, kowane gida su kira shi milisakan. Ƙiftawar ido ɗaya tana cin 100 zuwa 400. Cikin kusan 200 na farko ƙwaƙwalwa ta gane cewa kalma ce take kallo. A Jami'ar Konstanz ta Jamus, Johanna Kissler da abokanta sun sa wa mutane hular nan mai wayoyi da ake auna wutar ƙwaƙwalwa da ita, irin wadda ake gwada masu farfaɗiya da ita a asibiti, suka riƙa gilma masu kalmomi a allo, ba a ce su yi komai ba sai karatu. Sakamakon ya fito a 2007. Tsakanin milisakan 200 da 300, kalmomin da ke motsa rai, masu daɗi da marasa daɗi duka, sun jawo amsa mafi ƙarfi a ƙeyar ƙwaƙwalwa fiye da kalmomi irin su "takarda" ko "kujera". Wato kafin ka gama ƙifta ido, an ware kalmar an ƙara mata hankali. Bayan nan, daga kusan rabin sakan zuwa sama, wani motsin na biyu yakan biyo, mai jinkiri, wanda ƙarfinsa ya danganta da yadda mutum ya tsaya yana juya kalmar. Ka riƙe bambancin waɗannan biyun, zan dawo kansa.

Can cikin ƙwaƙwalwa, daidai saitin tsakanin ido da kunne, akwai wasu 'yan dunƙule biyu, hagu da dama, kowane bai fi ƙwayar gyaɗa girma da yawa ba. Sunansu amigidala. Aikinsu tsayuwar ƙofa ne: su duba abin da ya shigo, in ya shafi lafiyarka ko matsayinka su ta da sauran jiki. Binciken da ya fi burge ni a kansu an yi shi ne a Paris, ya fito a 2005, ƙarƙashin Lionel Naccache. Wasu majinyata uku masu farfaɗiya, likitoci sun riga sun dasa masu siraran wayoyi cikin ƙwaƙwalwa don neman inda ciwon ke tasowa kafin a yi masu aiki. Sai aka riƙa nuna masu kalmomi na kimanin milisakan 30, a rufe da wasu alamomi gaba da baya, har su kansu suna cewa ba su ga kalma ba. Duk da haka amigidalarsu ta bambance kalmomin barazana, kamar "haɗari" da "kisa", daga sauran. Mutum bai san ya karanta ba, amma mai tsaron ƙofa ya ji.

A nan ina so in gyara abu biyu da ke yawo a intanet. Ana cewa amigidala gidan tsoro ce. Ba haka ba ne, an nuna tana amsa kalmomin daɗi ma, abin da take bi shi ne muhimmanci. Ana kuma cewa baƙar magana tana tsallake tunani ta wuce kai tsaye zuwa can. Wannan ma bai dace da abin da aka auna ba. A gwajin Paris, sai wajen milisakan 800 bambancin ya bayyana, wato bayan an buɗe ma'anar kalmar. Ƙarar bindiga ba ta bukatar fassara, kalma kuwa tana bukata. Ka miƙa wa wanda bai ji Hausa ba wayarka ya kalli saƙon yayanka, ko gezau ba zai yi ba. Haruffan makulli ne, kayan da ke cikin ɗakin kuwa naka ne, kai ka tara su tun kana yaro. Duk sauran amsata a kan wannan ta tsaya.

Daga nan abin ya bar kai ya sauka jiki. Umarni yana bin jijiyoyin da ke shirya mutum gudu ko faɗa, wasu 'yan dunƙule biyu da ke zaune a saman ƙoda su zubo sinadarin adiranalin cikin jini. Zuciya ta ƙara sauri. Jini ya janye daga ciki ya nufi manyan gaɓɓai, shi ne abin da muke ji mu ce gaba ya faɗi. Tafin hannu ya tsatso gumi, yawu ya ƙafe. Duk wannan cikin 'yan sakanni ne. Wani sinadarin, kotizol, mai riƙe jiki a faɗake, ya fi nawa, sai bayan minti 20 zuwa 30 yake kai ƙololuwa, kuma ba ya sauka da wuri. A al'ada tsakar dare ne lokacin da ya fi ƙaranci a jiki. Kai kuwa ƙarfe 11 aka ta da naka, ina barci zai zo? Kakanninmu ba su da na'ura, amma dubi inda suka ajiye waɗannan abubuwa a magana: zuciya ta tafasa, jiki ya yi sanyi, tsikar jiki ta tashi, abu ya tsaya a ƙirji. Duk a jiki suka sa su. Har naman da ke haɗa gira an auna, yana ɗan motsawa idan mutum ya karanta kalma mara daɗi ko da fuskarsa ba ta nuna ba. Kai ma karanta "tsamiya" ka ji abin da bakinka zai yi.

Ka ce ba mari ba ne. A Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan, Marijn Struiksma da abokan aikinta sun zaunar da mata 79 suna karanta gajerun jimloli na zagi da na yabo da na bayani zalla, ana maimaita su sau da yawa, wasu da sunan mai karatun, wasu da sunan wata. Kowa ta san gwaji ne, ba wanda ke zaginta da gaske. Amma kowane zagi ya ta da saurin amsa a ƙwaƙwalwa cikin kusan rubu'in sakan, fiye da yabo, kuma maimaitawa ba ta dusashe shi ba. Da suka wallafa a 2022, su da kansu suka kwatanta abin da ɗan ƙaramin mari. To wannan zagin da ba shi da uba ke nan, a ɗakin gwaji.

Naka yana da uba, kuma nan ne nake ganin mafi yawan ciwon ya fito. Kissler ɗin nan, bayan ta koma Jami'ar Bielefeld, ita da Sebastian Schindler sun yi wani gwaji da nake so kowane mai riƙe da waya ya sani. Aka sa mutane su bayyana kansu a gaban kyamara. Sannan aka riƙa nuna masu kalmomin siffanta hali a allo. Wani lokaci a ce masu wani mutum ne da ya kalli bidiyonsu yake zaɓo kalmomin a kansu, wani lokaci a ce kwamfuta ce ke jefo su barkatai. A gaskiya duka biyun barkatai ne. Kalmomin iri ɗaya ne, allon ɗaya ne. Amma da mutum ya ɗauka ɗan Adam ne ke faɗi a kansa, sai amsar ƙwaƙwalwa ta ƙaru sosai, tun daga matakan farko har na baya. Daga bisani aka gwada da cewa mai aikowar ƙwararre ne, amsar ta ƙara hawa. Baƙon da ba a taɓa gani ba ke nan. Ina ga wanda ya goya ka, ya kai ka makaranta, wanda tun kana ƙarami kallonsa kaɗai ke sa ka shiga taitayinka? Sannan ba a keɓe ya rubuta maka ba. A zauren gida ne, inda ƙanne da matan 'yan'uwa ke gani. A wurinmu kunya ba abu ne na cikin zuciya kaɗai ba, ita ce ma'aunin zamanka cikin dangi. Ƙwaƙwalwarka ta lissafa idanun da suka karanta tare da kai, ko da ba wanda ya ce uffan.

Yanzu ga abin da ba kowa ke lura da shi ba. Ka ce ba tsawa ba ce. Ni kuwa ina kyautata zaton ka ji tsawa a daren nan. Karatun zuci ba shiru ba ne. A Glasgow ta Birtaniya, Bo Yao da Pascal Belin da Christoph Scheepers sun nuna a 2011 cewa idan mutum yana karanta maganar wani kamar yadda ta fito daga bakinsa, sashen ƙwaƙwalwa da ke gane muryar ɗan Adam yakan motsa, alhali ɗakin tsit yake. Wasu a Amurka sun ga cewa wanda ya taɓa jin muryar marubuci yakan kwaikwayi saurin maganarsa in yana karanta rubutunsa. Saboda haka da muryar yayanka ka karanta saƙon. Sai dai wace daga cikin muryoyinsa? Yana da ta wasa, yana da ta gajiya, yana da wadda ya taɓa yi maka faɗa da ita kana ɗan shekara goma. Bai aiko da ko ɗaya ba. Kai ka zaɓa, ba da saninka ba, kuma a irin wannan hali, da dare, da laifin jinkiri a ranka, mafi kaushi za ka ɗauko.

Mu masu karanta Hausa wannan aikin ya fi yi mana yawa, domin rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. "Kuka" na bishiya da "kuka" na hawaye rubutunsu ɗaya, haka "gari" na mutane da "gari" na tuwo. Mun saba cike giɓin da kanmu har ba ma jin muna yi. Ga kalma ɗaya wannan ba matsala, jimla na warware ta. Ga manufar mai magana kuwa, babu mai warwarewa. Ɗauki "to". A baki akwai "to" ta yarda, akwai ta mamaki, akwai ta "na ji amma ban yarda ba", akwai wadda ke nufin an rufe magana har abada. A waya duka haruffa biyu ne. Haka "sannu", haka "madalla", haka "na gode". Harshenmu ya ƙware a gatse da habaici da gugar zana, kuma dukkansu a murya da fuska suke zaune. "Ka kyauta" da yayanka ya rubuta, bayan "ka ba ni kunya", gatse ne, ba zan ruɗe ka ba. Amma gatse ma hawa hawa ne. Akwai na wanda ya yanke ƙauna, akwai na wanda mai bashi ya matsa masa da rana, ya rasa inda zai sauke sai kan ƙaninsa, da safe ma ya manta ya rubuta. Rubutun bai faɗa maka wanne ba ne.

Shi ma mai rubutun yana cikin nasa duhun. Justin Kruger da Nicholas Epley da abokansu sun gwada wannan a Amurka a 2005. Aka ba mutane jimloli, wasu na gatse wasu na gaske, su isar wa wani ko da murya ko ta imel. Masu aikawa sun zaci za a gane manufarsu kusan kashi 78 cikin 100. Da murya an gane kusan 73. Da rubutu 56 kacal, wanda bai fi canke ba da yawa. Dalili shi ne mai rubutu yana jin muryarsa a kansa lokacin da yake bugawa, sai ya ɗauka ta bi saƙon. Masu karɓa su ma sun sakankance sun fahimta. Kowane ɓangare yana da tabbas, kuma kusan rabin lokaci an saɓa.

Batun oga da Turanci kuwa, ka lura da abin da masana suka auna. A Jami'ar Boston, Catherine Harris da Ayşe Ayçiçeği da Jean Berko Gleason sun ɗauki Turkawa 32 da suka koyi Turanci sosai amma sai da suka girma suka koma Amurka. Aka maƙala masu wayoyi a yatsu masu auna tsatsowar gumi, ana karanta masu ko nuna masu kalmomi cikin harsunan biyu. Sakamakon 2003 ya nuna ashariya da zagi sun fi ta da gumi da Turkanci. Amma inda tazarar ta fi faɗi shi ne irin faɗan da ake yi wa yara, kamar "ba ka jin kunya?". Da Turanci sun san ma'anarsa sarai, jikinsu ne bai damu sosai ba. Da harshen uwa kuwa, fatarsu ta amsa. Harris ta sake gwadawa da waɗanda suka tashi da harsuna biyu tun suna ƙanana, sai tazarar ta kusa ɓacewa. Ashe ba wani sirri ne ke cikin harshen ba, wurin da aka koye shi ne. Turancinka a aji ka same shi, daga allo da littafi da jarrabawa. Hausarka a tsakar gida ka same ta. Ranar da ka fara jin "kunya", akwai fuskar da ta ɗaure, akwai wanda ya kau da kai, wataƙila akwai bulala. Ƙwaƙwalwa ta ɗaure kalmar da waɗannan duka ta ajiye. Shi ya sa "Allah ya yi maka albarka" daga mahaifiya, ko a rubuce, ke sa babban mutum hawaye, shi ya sa kuma "Allah ya isa" ke hana shi sukuni. Ka ƙara da cewa oga ba jininka ba ne. In ya raina aikinka, aiki ya raina.

Me ya sa ka haddace wannan ka manta na yabo? Sinadaran nan da suka buga maka ƙirji su ne kuma ke gaya wa ma'ajiyar tunani ta riƙe abin da kyau. Larry Cahill da James McGaugh sun nuna haka a Kalifoniya a 1994. Aka ba mutane labari mai tayar da hankali, wasu an riga an ba su wani maganin hawan jini da ke toshe aikin adiranalin. Bayan mako guda, waɗanda ba su sha maganin ba sun fi tuna sashen tashin hankalin, waɗanda suka sha kuwa wannan fifikon ya ɓace. Saƙon yabo yana faranta rai amma ba ya buga ƙirji haka, don haka ba a buga masa wannan hatimin. Ga kuma abin da rubutu ya fi baki muni da shi. Maganar baki ana faɗinta sau ɗaya, iska ta ɗauke, gobe ma kana shakkar yadda aka faɗe ta. Rubutu yana aljihunka. Ban tambaye ka sau nawa ka buɗe saƙon cikin mako ukun nan ba, amma kowace buɗewa sabon ƙaramin mari ne, kuma bita ce irin ta mai hadda.

Masu neman a danna labarinsu sun san wannan ƙofa. Wani nazari da ya fito a 2023 ya duba kanun labarai kusan 105,000 na shafin Upworthy, ya ga kowace ƙarin kalma mara daɗi tana ƙara yawan dannawa da kashi 2.3 cikin 100. Wayar da ka kwana da ita cike take da kalmomin da aka zaɓo don su ta da mai tsaron ƙofarka, saƙon gida yakan same shi ne a gajiye.

Mu koma kan motsi biyun da na ce ka riƙe. Na farko, na rubu'in sakan, ba naka ba ne, kada ka ɓata ƙarfinka wajen yaƙarsa ko jin kunyarsa. Na biyu shi ne ke karɓar horo, domin gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke bayan goshi, yana iya sassauta amigidala in ya samu dama. Babban abin da ke hana shi damar shi ne rashin barci. A 2007 ɗakin binciken Matthew Walker a Berkeley ta Amurka ya hana mutane barci kusan awa 35, ya nuna masu hotuna masu tayar da hankali. Amsar amigidalarsu ta ɗara ta waɗanda suka yi barci da kashi 60 cikin 100, kuma igiyar da ke tsakaninta da gaban ƙwaƙwalwa ta yi sako-sako. Don haka duk hukuncin da ka yanke a kan yayanka tsakanin ƙarfe 2 na dare da asuba, ka sake duba shi da rana. Na ji daɗi da ban ga ka ce ka mayar da martani a daren ba. Abin da malamai ke karantar da mu, cewa mai fushi ya yi shiru, ya zauna in a tsaye yake, ya yi alwala, lokaci yake saya wa jiki har sinadaran su sauka.

Sai kuma ka kira abin da sunansa. Matthew Lieberman a Los Angeles ya nuna a 2007 cewa idan mutum ya sa wa motsin rai suna, aikin amigidala yakan ragu, wani sashe na gaban ƙwaƙwalwa ta dama ya ƙaru. Ba sihiri ba ne, sassauci ne kaɗan, amma na gaske ne. "Raina ya ɓaci" ya yi faɗi da yawa. Zauna da takarda ka tsefe shi. Kunyar ƙanne ce? Tsoron ka faɗi a idonsa ne? Haushin bai tambaye ka dalili ba ne? Ko kuwa ka san yana da ɗan gaskiya a batun kuɗin, shi ne ke cin ka? Rubuta, kada ka aika wa kowa. Kalma ce ta buɗe ɗakin, da kalma kuma ake shirya kayan cikinsa. Saƙon kansa kuwa, ka daina ziyartarsa. In ba ka iya gogewa, ka ɓoye zauren na ɗan lokaci, kuma wayar ta daina kwana kusa da matashinka.

Akwai inda abin ke wuce wannan, ya kamata in faɗa. An gwada tsofaffin sojojin Amurka da yaƙin Biyetnam ya bar masu ciwon firgici da irin gwajin launin tawadar nan na Stroop, a 1990, aka ga kalmomin fagen fama suna riƙe masu baki fiye da sauran sojoji. Wanda ke ɗauke da tsohon rauni, kalma na iya fama shi fiye da kima. In ka ga an shiga wata na biyu barci bai dawo ba, abinci ya fita ranka, ko ƙarar shigowar saƙo kaɗai na sa ka rawar jiki, ko ka fara jin rayuwar ba ta da amfani, ka ga likita ba tare da jinkiri ba. Akwai magani, kuma zuwa neman sa ba abin kunya ba ne.

Ga yayanka kuwa, kada ka warware wannan da rubutu, don za ka aika masa da haruffan da shi ma zai sa wa muryar da ya ga dama. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. In gari ɗaya kuke, taka ka je, bayan la'asar, lokacin da ba jama'a. In da nisa, kira shi, ba saƙon murya ba, kira wanda zai amsa ka amsa. Ka gaishe shi yadda ka saba. Ka fara da batun kuɗin, ka faɗi dalilin jinkirin da ranar da za ka cika, in da laifinka ka ce "Yaya, a yi haƙuri". Bayan nan, in ka ga fuska, ka ce masa maganar da ya rubuta a zaure ta tsaya maka a rai, kuma da ya kira ka gefe da ya fi maka sauƙi. Sai ka yi shiru ka bar shi ya yi magana, ka saurari da wace murya zai amsa.